An sallame ni daga aiki, CV ɗina duk giɓi ne da gajerun ayyuka: yaya zan yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da HND a fannin akanta. Na yi shekara shida ina kula da sito a wani kamfanin robobi da ke Challawa a Kano, sai a 2022 aka rage ma'aikata, abin ya rutsa da ni. Na dawo garinmu a ƙaramar hukumar Auyo ta jihar Jigawa. Daga nan na yi aikin zaɓe a 2023, na yi damina biyu ina sa ido kan masu rabon maganin zazzaɓi ga yara, sannan wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin tattara bayanai na kwantiragin wata shida-shida. Shi ma ya tsaya a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafi. Tun daga wannan lokacin, noman rani nake yi da 'yar sana'ar POS a ƙofar gida. Sau biyu ana kirana intabiyu, duk sai a tsare ni da tambayar me ya sa ba na daɗewa a wuri, kuma me nake yi tsakanin wannan aiki da wancan. Wani abokina ya ce in ƙara wa aikin kamfanin shekara biyu a CV, in share ƙananan. Shekarata 36, ina da iyali. Don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita, ya sa wa abin da ke hannunka albarka. Idan na fahimce ka, abu uku kake tambaya: ko ka bi shawarar abokinka, yadda za ka tsara waɗannan shekaru a takarda da baki, da kuma inda ya kamata mutum irinka ya nufa alhali yana zaune a ƙauye. Aikin kula da ma'aikata nake yi, na yi shi a kamfanin sarrafa shinkafa da kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu, kuma ina zama a kwamitin tantance masu neman aiki. Daga wannan ɓangaren teburin zan ba ka amsa.

Abin da mai ɗaukar aiki yake tsoro

Giɓin kansa bai cika damunmu ba. Abin da ke damunmu shi ne giɓin da ba a yi mana bayaninsa ba, domin zuciya takan cike shi da mafi munin zato. A naka lamarin zaton ya fi nauyi, saboda sito ka riƙe. Duk mai kamfanin da ya ga mai kula da sito ya bar aiki bayan shekara shida, ba a faɗi dalili ba, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an ƙirga kaya ba su cika ba. Ba zai furta ba. Zai tambaye ka ne a kaikaice: "Me ya raba ka da su?" Bayan wannan akwai tsoron cewa kai mai saurin gajiya da wuri ne, za a koya maka aiki ka tafi, sai kuma tsoron cewa hannunka ya yi sanyi tun da ka bar kamfani.

To dubi tarihinka da idon basira. Babu aiki ɗaya da ka bari don son ranka. A 2022 farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu, kuma masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai da janareta suke rayuwa, don haka da yawa suka rage aiki suka rage mutane. Aikin zaɓe na 'yan kwanaki ne: an yi na shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairun 2023, na gwamnoni ranar 18 ga Maris, shi ke nan. Rabon maganin zazzaɓi ga yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar aikin damina ne, zagaye ɗaya kowane wata, ruwa na ɗaukewa ya ƙare. Shi kuwa na ƙungiya, a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta ba da umarnin dakatar da tallafin waje, ayyukan da hukumarta ta tallafi, USAID, ke ɗaukar nauyinsu suka tsaya cak, har da na waɗanda suka shafe shekaru masu yawa a ciki. Duk wanda zai zauna gabanka a intabiyu ya san waɗannan abubuwa. Matsalar ita ce CV ɗinka bai haɗa su da sunanka ba. Ya jera wurare da kwanan wata, ya bar mai karatu ya yi wa kansa fassara.

Shawarar abokinka

Kada ka bi ta. Na san don tausayi ya ba ka, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan harka ya fi ƙurewa da wuri. Idan kamfaninka na da yana zuba maka kuɗin fansho, takardar bayanin asusunka tana nuna sunansa da watan ƙarshe da ya zuba. Manajojin masana'antun Kano kuma sun san juna, kira ɗaya ya isa. Ko ba a kira kowa ba, tambaya ɗaya kan farashin kayan aiki ko sunan manajan da ke wurin a shekarar da ka ƙara za ta sa harshenka ya sarƙe. Na ga an janye wa mutum takardar ɗaukar aiki bayan ya riga ya fara, don kawai watannin da ya rubuta ba su yi daidai da na tsohon wurinsa ba. Da ya faɗi gaskiya tun farko babu wanda zai kula. Kai kuwa aikin amana kake nema. Mutumin da ya canza lamba a takardarsa, wa zai damƙa masa makullin sito?

Akwai kuma asarar da abokinka bai lura da ita ba. Ƙananan ayyukan da ya ce ka share su ne suka bambanta ka da sauran masu kula da sito. Ka jagoranci mutane a fili. Ka tattara bayanai da waya, wataƙila da manhajar Kobo ko ODK, ka tura su a kan lokaci. Ka san ƙauyukan yankinka gida-gida, ka san masu unguwanni da dagatai. Kamfanin da ke sayen shinkafa daga manoma yana wahala kafin ya sami mai wannan haɗin.

Yadda za ka sake gina takardar

Da Turanci za ka rubuta kamar yadda aka saba, ni ma'anar kawai zan nuna maka. Shafi biyu sun isa. A can sama, ƙarƙashin sunanka da lambar wayarka, ka sa layi uku da ke faɗin ko wane ne kai: mai HND a akanta, shekara shida a kula da sito na masana'anta, shekara biyu a ayyukan kwantiragi na sa ido da tattara bayanai a karkarar Jigawa, mai neman aikin sito ko sayen amfanin gona ko lissafi. Wanda ya karanta wannan ya riga ya sami zaren labarin kafin ya kai ga kwanan wata.

Ayyukan nan uku kada ka jera su kamar wurare uku da ka shiga ka fita. Ka tattara su ƙarƙashin kai guda: "Ayyukan kwantiragi, 2023 zuwa 2025". Kowanne layi biyu, kuma a ƙarshen kowanne ka faɗi yadda ya ƙare. Misali: "Mai sa ido kan masu rabon maganin zazzaɓi, daminar 2023 da ta 2024. Na kula da rukuni kaza a garuruwa kaza, na karɓi magani na mayar da ragowa da lissafi kowane zagaye. Aikin damina ne, an sake kirana a shekara ta biyu." Ka lura da wannan jimla ta ƙarshe. Duk inda aka sake kiranka, ko aka sabunta maka kwantiragi, ka rubuta shi ƙarara, domin shi ne amsar masu cewa ba ka daɗewa: wanda bai yi aikin kirki ba ba a neman sa karo na biyu. A ƙarƙashin aikin kamfani ma ka sa: "An rage ma'aikata a 2022 saboda tsadar gudanarwa." Layi ɗaya, ba ƙorafi.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka yi tunani. Yawancin 'yan'uwanmu da suka koma gida sukan bar lokacin noma fayau a takarda, suna ganin ba aiki ba ne, ko suna jin nauyin mai HND ya rubuta cewa yana fadama. Wannan kuskure ne babba. Noman rani a yankin Auyo, a bakin aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja, kasuwanci ne mai jari da lissafi. Ka sayi iri da taki da magani, ka sayi fetur na injin ban-ruwa ko ka biya kuɗin ruwa, ka ɗauki 'yan ƙwadago wajen dashe da yanka da bugu, ka yi ciniki da dillali a kan buhu. Ka rubuta shi da kai nasa: "Noman shinkafa da sayarwa, 2025 zuwa yau", ka faɗi girman gonar da yawan buhun da ka samu da mutanen da ka sa aiki, da lambobin gaskiya komai ƙanƙantarsu. POS ma haka: kullum da dare kana daidaita kuɗin hannu da na asusu, kana bin kuɗin da ya maƙale har a dawo wa mai shi da abinsa. Wannan aikin kashiya ne. Idan zuwa yau ba ka rubuta komai, ka sayi littafi gobe ka fara: kwanan wata, abin da ya shiga, abin da ya fita. Wani matashi ya taɓa zuwa gabanmu da irin wannan littafi, bangonsa duk shatin laka, ya buɗe ya nuna mana kuɗin takin da ya kashe da abin da kowane buhu ya tsaya masa. Bai fi sauran takardun makaranta ba, amma shi kwamitin ya zaɓa.

Watannin da ke tsakanin sallamarka a 2022 da aikin zaɓe, idan babu abin da ka yi a ciki sai neman aiki da komawa gida da iyali, ka bar su haka. Giɓin 'yan watanni bayan rage ma'aikata ba abin mamaki ba ne ga kowa.

Shaidu

Abin da ke sa a yarda da duk wannan shi ne takarda da mutum. Ka nemo takardar sallamarka. Idan ta ce an rage ma'aikata, ita kaɗai ta wanke ka daga zargin sito, ka riƙa tafiya da kwafinta. Idan ba a ba ka ba, ka je kamfanin ka roƙi takardar shaidar aiki mai nuna muƙaminka da ranar farawa da ranar gamawa. Idan kamfanin ya rufe, ka haɗa takardar ɗaukarka aiki da katin shaida da bayanin asusun banki mai nuna shigar albashi da na fansho. Na aikin rabon magani, ka je wurin shugaban asibitin da kuka yi aiki ƙarƙashinsa ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma su rubuta maka 'yan layuka da hatimi. Na ƙungiya, ka adana kwafin kwantiragin, kuma ka nemi lambar wayar ogan da ya kula da kai tun yanzu, ta kansa, domin ofishin da ya rufe imel ɗinsa ma ya mutu, mutanen kuma sun watse.

Wajen zaɓen waɗanda za su ba da shaida a kanka, mutanenmu sukan sa sunan babban mutum, hakimi ko ɗan majalisa ko wani farfesa ɗan garinsu. Mu kuwa idan muka kira, tambayarmu ita ce: ka ga aikinsa da idonka? Tsohon oganka na sito da zai ce "shekara shida ban taɓa samun kayansa ba su cika ba" ya fi maka kowane mai rawani. Ka kira kowannensu kafin ka sa sunansa, ka gaishe shi, ka tuna masa da kanka, ka gaya masa irin aikin da kake nema.

Tun da mun zo kan fansho: Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Kamfanin da ke riƙe da fanshonka za ka nema, kuma zai buƙaci takardar sallama. Ban ce lallai ka cire ba, kuɗin tsufanka ne. Amma idan zaɓin shi ne ka ci bashi mai ruwa ko ka sayar da gona, gara ka san da wannan ƙofar. Idan kuma ka duba ka ga an yanke maka kuɗin ba a zuba ba, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ake kai wa ƙara. Haka nan sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya yi magana kan rage ma'aikata da tattauna haƙƙin waɗanda abin ya shafa. Ni ba lauya ba ne, don haka idan kana bin kamfanin wani haƙƙi, lauya ko ƙungiyar ƙwadago za ka gani, kuma kada ka ƙara jinkiri.

A gaban kwamiti

Tarbiyyarmu ta koya mana kawaici. Idan aka tambayi mutum me yake yi, sai ya ce "Alhamdulillahi, muna nan muna ta fama." A majalisa wannan amsa ce ta mutunci. A intabiyu kuwa, mai rubutu zai rubuta cewa ba ka yin komai. Ka shirya amsarka tun daga gida, gajera, ka maimaita ta har ta zauna maka a baki. Kamar haka: "Na yi shekara shida a sito, aka rage ma'aikata a 2022, ga takardar. Bayan nan na yi ayyukan kwantiragi uku, dukkansu masu wa'adi ne, biyu daga ciki an sake kirana. Na ƙarshen ya tsaya da aka yanke tallafi. Yanzu ina noman shinkafa da POS, ina riƙe lissafinsu da kaina. Abin da nake nema shi ne wurin da zan zauna." Kana kaiwa nan ka yi shiru, ka bar su su yi tambaya ta gaba. Yawan bayani shi ke sa a yi zaton akwai abin da ake rufewa. Kada ka zagi tsohon wurin aikinka ko da sun cuce ka, kuma kada ka kawo maganar iyali da halin rayuwa don a tausaya maka. Kowa a layin yana da iyali.

Za su gwada ko hannunka ya yi sanyi. Kafin ranar ka sami kwamfuta, ko a shagon intanet na Haɗeja ne, ka zauna da Excel ka gina jadawalin shigar kaya da fitarsu da ragowa har ya dawo maka. Mu kan ajiye wa mai neman aikin sito kwamfuta mu ce ya yi wannan a gabanmu, kuma a nan da yawa suke faɗuwa.

Ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa

Tallan aikin bankuna da manyan kamfanoni na sababbin masu digiri kan sa iyakar shekaru ƙasa da talatin, kada ka ɓata kuɗin data a kansu. Ƙarfinka yana inda sito ya haɗu da noma: kamfanonin sarrafa shinkafa na Haɗeja da Kano, masu sayen riɗi da zoɓorodo na kasuwar Dawanau a Kano da ke tura wakilai kasuwannin Maigatari da Gujungu, dillalan taki da iri, da kamfanonin da ke ba manoma kayan aiki bashi su karɓi amfanin gona. Waɗannan ba su cika tallata aiki a intanet ba. Da baki ake ɗauka, kuma da lokaci: suna neman magatakarda da masu awo da masu kula da sito gab da kaka, da kuma lokacin yankan shinkafar rani. Ka riga lokacin da wata ɗaya ko biyu. Wakilin da ke sayen shanshera a garinku ya san manajan saye na kamfaninsa, kuma ya ga yadda kake ciniki. Ka ba shi CV ɗinka a hannu, ka tura masa wani ta WhatsApp, ka ce ya ambace ka.

Wataƙila abin da za a fara ba ka aikin wata uku ne, kuma na san ranka ya gaji da gajerun ayyuka. Shawarata ita ce ka karɓa idan yana kan layin da kake so, a wurin da ke aiki duk shekara, domin daga cikin 'yan kaka ake zaɓen waɗanda za a riƙe. Ko a gwamnati an ga haka: Jigawa ta mayar da wasu malaman wucin-gadi na shirin J-Teach ma'aikatan dindindin, Kano ma ta yi wa nata na shirin BESDA haka. Amma ba kowane lokaci ake yi ba, 'yan N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin-gadi, na rukunin farko da na biyu sallamarsu aka yi a 2020. Don haka ka tambaya tun ranar farko ko akwai hanyar zama, kuma ka nemi a rubuta maka sharuɗɗan aikin.

Ƙungiyoyi sun ragu amma ba su ƙare ba, akwai waɗanda kuɗinsu ba daga Amurka yake zuwa ba. Ka riƙa duba shafukan tallan aiki na intanet irin su ReliefWeb da MyJobMag da Jobberman sau ɗaya ko biyu a mako, sannan ka riƙe zumunci da waɗanda kuka yi aiki tare, su ne za su fara jin labari. Aikin gwamnati kuwa ban yi shi ba, abin da zan iya ce maka kawai shi ne kada ka ba kowa kuɗi don gurbi. Har Majalisar Wakilai ta yi zaman bincike kan cinikin guraben aiki a 2023, kuma na san waɗanda suka sayar da shanu suka karɓi takardar bogi. Ka kuma duba cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da BVN da takardun makaranta, domin ɗan bambanci kan tsayar da mutum bayan ya ci intabiyu.

Zaman ƙauye yana da nasa cikas. Ana kiran mutum sau biyu, idan wayar ba ta shiga ba a wuce na gaba. Ka sa lamba biyu a CV, ɗaya ta wanda kullum yake wurin da ke da sabis. Idan aka kira ka Kano ko Dutse, babu laifi ka tambayi muƙamin da kimanin albashin kafin ka kashe kuɗin mota, ko ka roƙi a fara tattaunawa ta waya.

Ba zan iya yi maka alkawarin lokaci ba. Kasuwar aiki ta yi tsauri, kuma mai takarda tsaf ma yakan jima. Akwai yiwuwar albashin farko bai kai darajar wanda ka bari ba. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, amma dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, haka ma aikin gona na lokaci-lokaci. Saboda haka kafin ka amsa kowane tayi, ka buɗe littafinka ka fitar da abin da gona da POS suke kawo maka a wata, ka ɗora kuɗin haya da na mota da na abinci idan aikin a birni ne. Aikin da ke Haɗeja ko kusa da gida, wanda zai bar ka ka riƙa leƙa gonarka ranar hutu, yana iya fin na Kano amfani ko da albashinsa bai kai ba. Idan kuma Kanon ce ta samu, ka fara tafiya kai kaɗai, ka bar gonar a hannun ɗan'uwan da ka yarda da shi, kada ka ɗauko iyali sai an tabbatar da kai bayan watannin gwaji.